Cinyar da Ta Yi Barci a Orozo

Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara a Orozo, a shekarun da sojoji suka koma bariki kuɗi suka shiga yawo a Abuja kamar ba za su ƙare ba, ya san gidan Zulai. Gida ne mai jan ƙyaure a bayan injin niƙa, da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Ita kuwa doguwar mace ce marar hayaniya, irin wadda in kana yi mata zance idonta yana kanka amma ita tana wani gari. In ta ɗaga murfin firizarta za ta ɗauko maka ƙanƙara, akwai wani lungu can ƙasa ta hagu da hannunta ba ya zuwa. A nan wata cinyar rago take kwance cikin baƙar leda, shekara da shekaru. Rabon 'yarta Khairat ne. Uban yarinyar ne ya yanke ta da hannunsa a ranar da ya bar duniya, Zulai kuma ta ɗaukar wa ranta alkawarin sai 'yar ta ci.

'Yar Zariya ce, daga Tudun Jukun. Da kanta ta zaɓi Mika'ilu mahauci, ƙawaye suna yi mata gorin za ta ƙare rayuwarta da ƙarnin jini a zani. Ta ce ta ji ta gani, gara ƙarnin nama da tukunyar da ba komai a ciki. Ya taho da ita Abuja tun garin yana jar ƙasa da manyan motocin yashi, yana sayar wa magina da leburori nama a Nyanya. Da abin ya ɗan kankama ya kama tebur a kasuwar Karu, suka sami fili a Orozo a hannun wani dattijon Gbagyi, suka ɗora ɗaki biyu.

Haihuwa ɗaya Allah ya bar musu, ita ce Khairat. Nan fa aka sami matsala, don irin tarbiyyar da aka yi wa Zulai, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Sauran mata suna yin wannan kara ne da 'ya'ya rututu a baya da za su huce a kansu. Ita ba ta da kowa a baya, amma ta riƙe al'adar gam. A gaban ido ta ce "ke", a bayan ido ta ce "yarinyar nan". Maƙwabciyarta Monica, 'yar Kafanchan mai aikin girki a gidan wani babban mutum a Maitama, ta daɗe tana leƙo kai ta katanga tana kiran "Maman Khairat" kafin Zulai ta yarda ta amsa. Shi kuwa Mika'ilu tun a tashar Zariya ya yar da tasa kunyar. Daga bakin titi yake ƙwala wa 'yarsa kira, ya saɓa ta a wuya ya zaga unguwa da ita, Zulai tana harararsa ranta kuwa fari tas.

Shekarar da wayar salula ta shigo gari, Babbar Sallah ta faɗo a farkon zafi. Khairat tana makarantar koyon malanta a Zariya, jarrabawa ta tsare ta, ta aiko cewa sai bayan Sallah za ta zo. A wannan shekarar ce Mika'ilu ya cika burinsa na sayen firiza, don kasuwa ta buɗe, manyan gidaje suna ɗaukar nama ba ciniki. Ana saukowa daga Idi Thaddeus mai kayan wuta ya kawo ta a bayan a-kori-kura, a kwance, aka taru aka shigar da ita falo. Fara ce sol, tsohuwar Turai, da ɗan lotsawa a gefe.

"Oga, kar ka sa shi a wuta yanzu o," in ji Thaddeus. "Ya kwanta a mota, mai ya juya a ciki. Bar shi ya huta sai yamma, in ba haka ba injin zai ƙone."

Mika'ilu ya ce ya ji. Ya yanka ragonsa, ya feɗe, ya rataye a gwaiba yadda aka saba. Amma ɗoki ya hana shi sakat. Ya zaga firizar nan, ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa ya leƙa kamar akwai wani a ciki. Can sai ya koma gindin gwaiba ya zare cinya guda, da ɗuminta da komai, ya zura a leda ya ƙulle, ya sa a ƙasan firiza ya mai da murfi.

"Wannan ta Khairat ce," ya ce. "Bana ba za ta ci soyayyen da ya bushe kamar itace ba. Farfesu za ki yi mata, Zulai, mai romo. Da yamma a kunna."

Ya ɗauki wuƙaƙensa ya fita, don ranar layya mahauci ba shi da lokacin kansa, gida-gida ake jiransa da fiɗa. Wajen la'asar, a tsakar gidan wasu mutane, yana sunkuye a kan rago sai ya dafe ƙirji ya zauna. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Washegari da hantsi aka kai shi makwanci, Khairat ba ta iso ba sai da masu jana'iza suka dawo suna karkaɗe ƙafa.

Wa zai tuna da wata firiza a irin wannan rana? Ragon da ke rataye iska ta sha shi, matan unguwa suka soye aka ba masu gaisuwa. Ita kuwa cinya tana can a ƙulle cikin akwati mai zafi, ta wuni, ta kwana, ta sake wuni. Sai da yammacin washegarin Monica ta ga mutane suna haɗa gumi, ta jona wayar a bango, ta jibga ledojin ruwa a ciki ba tare da ta duba ƙasa ba. Bayan sadakar bakwai, da gida ya yi shiru, Zulai ta zo kwashe ragowar ruwan, hannunta ya ci karo da baƙar leda.

Ta danna, ta ji dutse. Ta shinshina, ba ta ji komai ba sai sanyi. Ta san sarai naman ya kwana a zafi, amma sai ta yi lissafinta irin na mutanen Zariya: sanyin da yake kashe 'yan tsaki, ya kori sauro, ya kwantar da tsofaffi, ina wani abu da ido ma ba ya gani zai tsira a cikinsa? Ko me ya shiga naman nan, ai ƙanƙara ta gama da shi. Ta mai da ledar lungunta, ta rufe a hankali.

Da ta fita takaba sai ta ga tunda ba za ta taɓa barin firizar nan ta mutu ba, gara ta ci da kanta. Haka aka fara ƙanƙara, aka ƙara da zoɓo da kunun aya. Masu iya magana sun ce mai nama shi ke neman wuta, to Zulai ta nema har ta gode Allah. In an ɗauke wuta sai ta lulluɓe firizar da barguna, ta hana kowa buɗewa, mai saye ya yi ta sallama ya gaji. Ta sayi ƙaramin janareta mai hayaƙi da tari, ta koyi jan igiyarsa da kanta. Shekarar da taransifomar unguwa ta ƙone aka yi makonni a duhu, Monica ce ta sa cinyar a kula ta hau mota da ita zuwa gidan ogarta, ta ɓoye a bayan kajin Madam. Haka cinyar nan ta yi hutu a Maitama, unguwar da mai yankanta bai taɓa shiga ba sai da wuƙa a hannu ta ƙofar baya. Bukukuwa nawa aka yi a Zariya Zulai ba ta je ba, dangi har suka fara cewa Abuja ta cinye ta. Ba ta musa ba, don ba ta san yadda za ta ce musu gadin cinya take yi ba.

Lokacin da ta fi so shi ne bayan la'asar, in masu saye sun yi sauƙi. Sai ta shimfiɗa tabarma ta jingina bayanta da firizar, gurnanin injin yana ratsa ƙashin bayanta, ta ƙura wa duwatsun Karshi ido ta ƙofa. Matan Gbagyi suna wucewa da itace a kafaɗa, rana tana yin ja a kan kwanon maƙwabta, ita kuwa ta tafi. A nan take ba Mika'ilu labarin gari. Ba da baki ba, ai ba taɓaɓɓiya ba ce, a zuci take yi. Ta ce masa an faɗaɗa titin Nyanya amma har yanzu motoci a tsaye suke. Ta ce masa yanzu har mai tura ruwa yana da waya, kuma gonar doyar da ke bayansu ta zama gidajen haya masu fenti ruwan hoda. Wani lokaci har takan ji kamar ƙarar wasa wuƙa a gindin gwaiba, ba ta waiwayawa don kar ta ga ba kowa. Kewarsa take yi, kewa mai tsanani, kuma a nan ne kaɗai kewar take yi mata daɗi.

To me ya hana a dafa tun tuni? Da farko makoki ne, ba mai iya haɗiyar nama. Bayan takaba Zulai ta ce a bari yarinyar nan ta gama makaranta a yi murna da shi. Da ta gama aka ce ai saura kaɗan aure, a bari. Da auren ya zo, aka ba ta Badaruddeen, wani natsattsen yaro ɗan Katsina mai aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Bwari, gida ya cika da 'yan biki, cinya ɗaya wa za a ba wa za a hana? Duk sanda aka ɗaga, Khairat ba ta jayayya, da sauri take cewa, "To, Umma." Sai da ciki ya fito ya tsufa sannan Zulai ta aika Monica da saƙo, don ba magana ce da za ta fito daga bakinta ba: in an sauka lafiya, farfesun jego na cinyar Baba ne, wannan karon ba fashi.

Ranar wata Asabar da hantsi sai ga Badaruddeen a Orozo. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa a bakin falo yana kallon siminti. Zulai ta shige ɗaki ta saki labule, don tsakanin suruka da suruki sai da shamaki. Aka gaisa ta bayan labule, aka tambayi mai jiki. Monica ta shigo ta zauna a kujera tsakaninsu, da ma shi ya roƙe ta ta zo.

"Anti Monica," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "ki taya ni ba Umma haƙuri. Maganar naman nan ce. Na ji an ce ya kwana a ciki kafin a kunna."

"Ni ne na kunna shi," in ji Monica. "Sai washegari da yamma. Nama ya sha zafi sosai, gaskiya."

Daga bayan labule Zulai ta ce, "Monica, ce masa shekarunsa nawa a ƙanƙara. Ko maciji ne a ciki ai ya mutu."

Badaruddeen ya ƙara sunkuyar da kai. "Allah ya huci zuciyar Umma, sanyi ba ya kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Barci kawai yake sa su. Mu ma a wurin aiki, in muna so mu adana su kar su mutu, a firiza muke sa su. Ranar da aka fito da su suka ji ɗumi, sai su farka su ci gaba daga inda suka tsaya. Kuma duk sanda aka ɗauke wuta naman ya ɗan saki, suna iya motsawa su ƙaru."

"Ce masa ba ɗanye za ta ci ba. Ita wutar murhu barci take sa su?"

"Wuta tana kashe su, Umma. Sai dai in sun riga sun ci sun ƙoshi a cikin naman kafin ya daskare, wasunsu suna barin dafi, wani dafin kuma ko an tafasa yana nan. Mai jego ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan."

Labule bai motsa ba. Monica ta kalli Badaruddeen, ta kalli labule.

"Ce masa na gode," in ji Zulai. "Ya gaida gida."

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Yaron da aka haifa jiya, don ya iya leƙa madubin likita, shi zai zo har gida ya ce naman Malam guba ne? Ta wuni tana tsaki, ta yi wa mai sayen zoɓo faɗa a kan ba komai. Amma da la'asar ta yi, ta jingina da firizar, sai ta tarar duk maganganun sun zube, kalma ɗaya ce ta maƙale: barci. Ashe ba abin da ya mutu a ciki. Maimakon tsoro sai wani farin ciki marar dalili ya lulluɓe ta. Ta tuna mutanen kogo da malamai suke ba da labari, waɗanda suka kwanta suka tashi suna zaton wuni ɗaya suka yi. Ashe ranar Sallar nan tana nan a ƙasan firizarta ba ta wuce ba, da zafinta, da ƙamshin turaren Idi, da mutumin da ya fita da wuƙaƙe zai dawo da yamma ya kunna. Daga ranar in za ta ɗaga murfi sai ta rage murya, ta daina buga ƙanƙara da ƙarfi.

Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi tiyata. Aka sami namiji. Likita ya ce ba zancen tafiya wankan gida yanzu, sai ɗinki ya kama. Zulai ta je asibiti ta tsaya daga bakin ƙofa, ta karɓi jaririn ta ce wannan mummunan miji ba ta so, a mai da shi, aka yi dariya. Ta saci kallon gado. Khairat tana kwance fayau, leɓe a bushe, hannu ɗaya a kan ciki. Zulai ta ce, "Sannu ke," ta juya da sauri kafin fuskarta ta tona mata asiri. Da aka sallame su suka koma gida ta hau mota ta dawo Orozo, zuciyarta a kan abu ɗaya.

Da sassafe ta kwashe ƙanƙarar sama, ta zura hannu lungun hagu. Ledar ta manne da bango, sai da ta zuba ruwa ta saki. Ba ta kai nauyin da take tunawa ba. Ta sa ta a farin kwano ta ajiye a inuwar gwaiba, ta jawo kujera ta zauna, ta rufe ƙyaure ta ce yau ba ciniki.

Farin da ke jikin ledar ya koma raɓa, raɓar ta taru ta gangara. Zulai tana kallo, rana tana hawa. Ta ga Mika'ilu da farar rigar Idi ya naɗe hannu, ta ga Thaddeus yana share gumi da hula, ta ji raguna suna kuka a gidajen da yanzu aka rushe aka yi benaye. Da ledar ta yi laushi ta farke ta da wuƙa. Ga cinya nan, gefenta ya yi fari-fari ya bushe, amma yankan yana nan yadda ya yi shi, a kan gaɓa daidai, ba tsinke ba ɓaraka. Ta sa yatsa ta bi wurin da wuƙarsa ta bi. Ta daɗe a haka, har kiran azahar ya same ta a wurin.

A lokacin ne warin ya fara tasowa. Da farko siriri, har ta ce ko daga kwatar waje ne. Sai wani koren ƙuda ya zo ya sauka a bakin kwanon, wani ya biyo shi. Matar mahauci ce, ba a yi mata bayanin wannan wari. Ta san shi kamar yadda ta san sunanta.

Duk da haka ta tashi. Ta matse lemon tsami ta wanke, ta sake wankewa. Ta zuba citta da kanumfari da masoro da kimba a turmi, ta ninka abin da ta saba sawa, ta daka har hannunta ya yi zafi. Ta hura gawayi ta ɗora tukunya. Ai yaji yana rufe komai, ai wuta za ta yi aikinta, ai magana ce ta mamaci, wa ya isa ya karya? Monica ta leƙo ta katanga, hancinta ya gaya mata komai, ta ce, "Maman Khairat." Zulai ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗora cinyar a faranti ta luma wuƙa har ƙashi.

Abin da ya fito daga jikin ƙashin nan ya sa ta ja da baya tana toshe baki. Naman wurin ya yi kore-kore, yana yauƙi. Ta tsaya da wuƙa a hannu, ruwa yana tafasa a bayanta, sai ta ga cikin nan mai ɗinki, ta ga busasshen leɓe, ta ga ɗan bakin da yake laluben nono. Ta ajiye wuƙar a hankali. Abin mamaki, ba kuka ne ya fara zuwa ba, faɗa ne.

"Haba Malam!" ta ce da ƙarfi, ita da ba ta taɓa yi masa magana a fili ba tun da ya tafi. "Kai mahauci guda, ɗan mahauta, ka ƙulle nama da ɗuminsa a leda ka rufe a akwati? Wane irin ɗoki ne wannan? Ka bar ni ina gadin ruɓaɓɓen abu, na ƙi biki na ƙi suna!"

Sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye, ta durƙushe a gaban murhu tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Monica ta zagayo ta shigo, ta sauke tukunyar, ta zauna kusa da ita a ƙasa ba ta ce ta yi haƙuri ba. Da ta lafa suka ɗauki fartanya suka je bayan gida, Monica ta haƙa rami mai zurfi don kar karnuka su tone. Zulai ta naɗe cinyar a tsohon ɗankwali ta sa da hannunta, ta mai da ƙasa ta danne da dutse.

Washegari tun da sanyin safiya tana kasuwar Karu, gaban teburin Sadisu, wanda suka yi zaman kasuwa da Mika'ilu. Ya zaɓo mata cinyar ragon da aka yanka da asubar nan. Ta dawo ta dafa da yaji daidai misali, ta juye da zafinsa a kula. Monica ta raka ta bakin titi.

"Kar ka gaya mata," ta ce. "Nama nama ne. Bar yarinya ya ci ya ji daɗi, ya ce na Babansa ne. Allah ba zai kama ki ba."

Zulai ta hau mota. Ta rungume kular a cinya, mota ta bi ta Nyanya, ta wuce gindin Dutsen Aso, ta miƙe titin Kubwa. Gine-ginen gilashi suna wucewa ta taga, da wasu da ba a gama ba, ƙarafa a sama suna juyawa. Duk hanya tana juya maganar Monica. Ƙarya ce mai sauƙi, kalma ɗaya ce, kuma ba mai tona ta. Har suka hau tudun Bwari ba ta yanke ba.

Badaruddeen yana tsakar gida yana shanya kayan jariri. Da ya ga kular fuskarsa ta canza, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta wuce shi ta shiga ɗaki. Khairat tana jingine da filo, jaririn yana barci a gefenta. Zulai ta zauna a bakin tabarma ta ba ta gefe, ta buɗe kular, ƙamshi ya cika ɗakin. Ta zuba a kwano ta tura mata ba tare da ta dube ta ba.

Khairat ba ta miƙa hannu ba. Ta kalli kwanon, ta daɗe tana kallo.

"Umma, shi ne?"

Zulai ta gyara bakin mayafinta. Kalmar tana kan harshenta, ta ji nauyinta, ta kasa ɗagawa.

"Ba shi ba ne," ta ce. "Na fito da shi jiya. Ashe tun ranar ya lalace, tare suka tafi da Babanki. Na binne shi a bayan gida. Wannan na wurin Sadisu ne, yankan safiyar yau. Ban cika masa maganarsa ba, ke kuma na sa ki jira a banza."

Ta jira kuka, ko shiru mai ciwo. Sai ta ji an sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Ta ɗago. Hawaye ne a fuskar Khairat, amma kafaɗunta sun sauka kamar an ɗauke mata kaya.

"Alhamdu lillahi," in ji Khairat. "Umma, shekara da shekaru ina tsoron ranar nan. Kullum ina tunanin yadda zan sa shi a baki in tauna in haɗiye, in wanke hannu, a ce shi ke nan na Baba ya ƙare, kuma ni na cinye. Ban san yadda zan gaya miki ba. Na ga ke kina so."

"Ni ma na zaci ke kike so."

Suka dubi juna, ido cikin ido, abin da ba su saba ba. Jaririn ya yi miƙa ya koma barcinsa. Khairat ta share fuska da bayan hannu, ta jawo kwanon, ta kurɓi romo, ta sake kurɓa, ta kama tsoka da hannu. Ci take yi irin na mai jego, ba kunya ba yanga, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Zulai tana zaune tana kallonta a fili, ba ta kau da kai ba. Kafin wani lokaci kwano ya koma ƙashi zalla, Khairat ta miƙo shi da hannu biyu.

"Umma, ƙaro min. Wallahi yunwa nake ji."